Abin da Aljihu Ya Faɗa Mini

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken ɗinki
a gindin tudu, bayan tashar bas, nan Recife,
inda ruwan sama kan gangaro da jar laka har bakin shago.
Sunana Zuleide. Ban iya wa'azi ba.
Amma majami'u biyun unguwarmu,
a hannuna suke samun sutura.

Ta sama tsohon gidan silima ce.
Fitilu shuɗi da ja, hayaƙi na tashi a bagade,
ba na turare ba, na inji.
An daina zagayawa da kwandon baiko,
yaro ke bin layi da na'urar kati,
ta yi ɗan kuka, jama'a su ce Amin.
Fasto Valdecir, na san ƙugunsa tun yana santimita tamanin,
yana wa'azi kan akwatin lemo a kasuwa
har murya ta dushe.
Bana ɗari da sha biyu na rubuta.
Ya ce albarka ce.
Na ce to, ɗaga hannu in auna hammata.

Ta ƙasa rufin kwano ce, benci tara.
Can ba janbaki, ba 'yan kunne,
almakashi bai san gashin mace ba.
Genilda ke kawo mini siket ɗinsu,
ta ce ƙara taƙi ɗaya, duniya ta lalace.
Na ƙara. Idon sawu ya ɓuya.
Harshe ne har yau ban samo masa yadi ba.

Kafin in sa allura nakan lalube aljihu,
kada in ɗinke wa mutum kuɗinsa.
A kwat ɗin fasto, rasit na agogo
da zai biya mini hayar shekara.
A siket ɗin Genilda, takarda ninki huɗu:
sunayen 'yan mata bakwai da aka gani bakin teku ranar Asabar.
Jikata ce ta biyar. An ja mata layi biyu.

Sai Aderaldo, mai gadin makaranta da dare,
wanda gyangyaɗi ke kwashewa tsakiyar wa'azi,
in ya rera waƙa yara su toshe dariya.
Rigarsa ɗaya ta zuwa sujada.
Na riga na juya wuyanta,
wuyan riga kuwa ba shi da fuska ta uku.
A aljihunsa, takardun kantin magani,
sunan da ke kai ba nasa ba:
Nivaldo, wanda ya taɓa fasa masa baki kan iyakar katanga,
yanzu ɓarin jikinsa ya mutu.
Sai na gane inda yake bi da asuba
riƙe da bokiti da sabulu.
Ban tambaye shi ba. Na mayar, na ninke.

Kada ku ce na tsaya a tudu ina nuna masu tsallaka laka.
Ƙarƙashin teburina akwai buhu.
Yadi mita uku ya isa, in ce huɗu.
Rigar da nake ɗaga hannu da ita ran Lahadi,
hannunta rarar fasto ne,
gindinta na Genilda.
Duniya ba ta taɓa buga mini ƙofa ba,
ƙyalle-ƙyalle ta shigo.

A garinmu da kwat ake binne namiji,
aljihu da maɓalli, ba abin da aka rage.
Ni ake kawo wa in rage faɗi, don ciwo ya ci mai ita.
Nan ma nakan lalube, sabo ne.
Ban taɓa samun ko tsinken ashana ba.

Daren jiya na jawo buhun na zazzage,
na zauna ina ware na wa da na wa,
har zakaran maƙwabta ya yi cara.
Wasu masu shi sun riga sun kwanta dama.

Fasto zai zo karɓar wandonsa ƙarfe goma.
Mita uku ya ci.
Ina ta maimaita yadda zan faɗa,
bakina cike da allurai.